Kowa Yana Ci, Sai Dai a Dubi Abin da Aka Ci

  

Sharhinmu na yau a kan kalma ɗaya tak zai tsaya, kalmar da ba ta wuce harafi biyu ba a rubutun boko, wadda yaro yake koya tun bai fara tafiya ba, tsoho kuma ba ya rabuwa da ita har ranar da zai koma ga Mahaliccinsa. Kalmar ita ce "ci". Mai yiwuwa wani ya ce, a wannan zamani da abubuwa suka yi wa jama'a yawa, ina amfanin ɓata lokaci a kan kalmar da ko jinjiri ya san ta? To, a yi mini haƙuri a biyo ni sannu a hankali, domin ina so in nuna cewa magabatanmu sun tattara hukuncinsu a kan halal da haram, da adalci da zalunci, sun ajiye shi a cikin wannan 'yar ƙaramar kalma. Abin da zan yi ta maimaitawa shi ne: kowa yana ci, sai dai a dubi abin da aka ci.

Bari mu fara daga inda malamai suke farawa. Malaman lugga da na balaga sun kasa magana kashi biyu, haƙiƙa da majazi. Haƙiƙa ita ce a yi amfani da lafazi a kan ma'anar da aka aza shi tun asali, majazi kuwa shi ne a ɗauke lafazin a kai shi ga wata ma'ana saboda wata alaƙa da ke tsakaninsu, tare da ƙarina, wato alamar da za ta hana mai sauraro ya ɗauka ma'anar farko ake nufi. Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Shehu Jalaluddini Suyuɗi, malamin nan na Masar da ya rasu a 1505, wanda ya taɓa rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha, wanda kuma har gobe ake karanta tafsirin Jalalaini da ya sa hannu a cikinsa a masallatanmu duk watan azumi, ya ware babi guda a littafinsa Itƙanu domin kalmomin Alƙur'ani waɗanda lafazinsu ɗaya ne amma fuskokinsu suna da yawa. Abin da suka lura da shi a Larabci yana nan a Hausa. Duk wanda ya buɗe ƙamus na Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, zai tarar kalmar "ci" ta mamaye wuri mai faɗi, ma'ana tana bin ma'ana.

Haƙiƙar "ci" kowa ya san ta: a sa abu a baki, a tauna, a haɗiye. A cikin wannan aiki akwai abubuwa uku da Bahaushe ya lura da su. Mai ci yana mallakar abin da ya ci, yana amfana da shi, abin da aka ci kuma yana ƙarewa. Daga waɗannan uku, mallaka da amfana da ƙarewa, sauran ma'anoni suka yi rassa.

To, yanzu mu shiga gari mu saurari yadda jama'a ke magana. Idan mutumin Faskari ya ce yau kasuwar Sheme ke ci, ba wanda zai tambaye shi ina bakinta, kowa ya fahimci yau ce ranar da take cika. Idan shi da kansa ya saɓa buhu ya ce zai tafi cin kasuwa, nufinsa zai je ya saya ya sayar. In Allah Ya taimake shi ya ci riba, in kuwa jari ya gaza ya ci bashi. Mai awo zai gaya maka tiya nawa buhu yake ci, tela zai gaya maka yadi nawa babbar riga take ci, magini zai ce ginin nan ya ci kuɗi ya kuma ci lokaci. Mahauci yana wasa wuƙa saboda ta daina ci, uwargida tana hura wuta har ta ci, idan kuma aka yi sakaci wutar nan ta ci rumbu. Da damina ana gargaɗin yara kada su yi wasa a bakin gulbi, domin ruwa yana cin mutum. Idan aka haifi yaro aka raɗa masa sunan mahaifin ubansa, sai a ce ya ci sunan kakansa. Amarya tana cin ado. Idan kaka ta wuce aka gama kai amfani gida, samari su ɗauki jaka su nufi Funtuwa, ko Kaduna, ko Legas, a ce sun tafi cin rani.

Ku lura, jama'a, a duk wannan jerin babu tauna babu haɗiya, amma kuma babu wanda ya rikice. Abin da ya hana rikicewa ita ce ƙarinar nan da malamai suka faɗa, wato kalmar da ke biye. Sha'anin "ci" kamar na tuwo ne, shi ɗaya ne a kowane gida, miyar da aka zuba masa ita ke bambanta shi.

Daga nan sai mu hau mataki na gaba, wato "ci" na rinjaye da nasara. Marubuta tarihi suna cewa Malam Ummarun Dallaje ya ci Katsina a zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Suna cewa Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Suna cewa Muhammadu Dikko ya ci sarautar Katsina a 1906. Ɗalibi yana cin jarrabawa, ɗan kokawa yana cin abokin karawarsa, ɗan takara yana cin zaɓe, alƙali yana cin mai laifi tara. Da Jihar Arewa ta karɓi ragamar mulkinta a 1959, da kuma ƙasa baki ɗaya ta sami 'yanci a 1960, ba a rasa kalmar da za a kira abin da ita ba, domin Hausa tana da "cin gashin kai", wato mutum ya gasa da hannunsa ya ci, ba tare da jiran wani ya yanka masa ba. Hatta abin nan da kowane shugaba yake yi mana alkawarinsa, kowane talaka kuma yake fatarsa, da wannan kalma aka gina sunansa: ci gaba. Kishiyarsa ma haka, ci baya.

Yanzu, masu sauraro, ina so mu ƙetare teku, mu tafi wata ƙasa mai nisa, domin a san cewa wannan hikima ba mu kaɗai Allah Ya ba ba. Alhazanmu sun sha haɗuwa a Makka da Madina da wasu bayin Allah masu natsuwa da bin tsari, waɗanda tun da can ake kira mutanen Jawa. Su ne mutanen Indonesiya da Malesiya da maƙwabtansu. Indonesiya tana cikin ƙasashen da suka fi kowace yawan Musulmi a duniya. Harshen da ya haɗa waɗannan al'ummu shi ne harshen Malayu, wanda ya daɗe yana zaman harshen fatauci a tsakanin tsibiransu, kamar yadda Hausa take a kasuwannin Afirka ta Yamma. Sun daɗe suna rubuta shi da haruffan Larabci, suna kiran rubutun Jawi, daidai da ajaminmu. A ranar 28 ga Oktoba 1928 matasan tsibiran nan suka taru a birnin da yanzu ake kira Jakarta, suka yi alkawarin zama al'umma ɗaya mai harshe ɗaya, suka raɗa wa harshen suna harshen Indonesiya, shi ne kuma ya zama harshen hukuma bayan sun ayyana 'yancinsu a 1945. Saboda Musulunci ya haɗa mu da su, kunnen Bahaushe ba zai rasa abin da zai kama a maganarsu ba: suna cewa dunia, suna cewa halal da haram, suna cewa amanah, suna cewa kamus.

Kalmarsu ta "ci" ita ce makan. Abin mamaki, hanyar da Bahaushe ya bi da tasa kalmar ita suka bi da tasu, alhali ba su taɓa zama zaure ɗaya sun yi shawara ba. Ma'aikacin da ke rayuwa a kan albashi, a Malesiya sai a ce yana makan gaji, yana cin albashi. Aikin da ya ɗauki lokaci mai tsawo, a Indonesiya sai a ce ya makan waktu, ya ci lokaci, kamar dai a bakinmu aka ɗauka. Hatsarin da ya hallaka mutane, su ma cewa suke ya ci rayuka. Wanda baƙin ciki ya dame shi suna cewa makan hati, mu kuma mu ce abin yana cin ransa. Mai karɓar rashawa suna cewa makan suap, mu mu ce mai cin hanci. Dattijon da ya ga jiya ya ga yau, su cewa suke ya ci gishiri da yawa, mu kuwa mu ce ya sha miya. Wanda ya fita yawon hutawa, su a wurinsu makan angin yake yi, yana cin iska, mu a wurinmu shan iska yake yi.

Akwai kuma karin maganarsu guda biyu da nake so ku riƙe, domin za mu buƙace su nan gaba. Na farko yana cewa shinge ya ci shuka, wato wanda aka sa tsaro shi ne ya yi ɓarna. Na biyu yana cewa makami ya ci ubangijinsa, wato abin da mutum ya tanada domin cutar wani ya juyo kansa.

Kafin mu baro su, akwai wani darasi. Ingila ce ta mulki Malesiya, Holan ta mulki Indonesiya, sai harshe ɗaya ya bi hanya biyu, har wasu kalmomi suka saɓa. Kalmar budak a Malesiya yaro take nufi, a Indonesiya bawa. Kalmar percuma a Malesiya kyauta, a Indonesiya aikin banza. Kalmar kereta a Malesiya mota, a Indonesiya jirgin ƙasa. Mu ma mun san irin wannan, domin abin da Bakano yake kira hatsi ya haɗa gero da dawa, alhali a Sakkwato da Maraɗi in an ce hatsi gero ake nufi. Saboda haka mai hankali ba ya saurin yanke wa baƙo hukunci a kan kalma, sai ya san inda ya fito da abin da yake nufi.

To, mu dawo gida, domin yanzu muka iso ga zuciyar magana. Akwai wani kashi na "ci" wanda Bahaushe ba ya ambatonsa sai da ɓacin rai. Cin amana. Cin hanci. Cin zali. Cin zarafi. Cin mutunci. Cin fuska. Cin dunduniya. Cin dukiyar maraya. Cin naman mutane. A nan abin da aka ci ba tuwo ba ne, haƙƙin wani ne, ko darajarsa, ko yardar da ya ba ka. Ku tuna da abubuwa ukun nan da muka faɗa tun farko. Mai cin amana ya mallaki abin da ba nasa ba, ya amfana da shi na ɗan lokaci, amanar kuma ta ƙare, kamar yadda loma take ƙarewa, ba ta dawowa cikin akushi.

Wannan salon magana yana da tushe a Littafin Allah, domin Larabci ma da kalmar ci yake siffanta waɗannan laifuffuka. Suratul Baƙara ta yi magana a kan masu cin riba ta haram, ta kuma hana cin dukiyar juna ta hanyar ƙarya da kai ta ga mahukunta domin a danne haƙƙin wani. Suratun Nisa'i ta yi narko mai tsanani ga masu cin dukiyar marayu, ta bayyana cewa wuta ce suke zubawa a cikinsu. Suratul Hujurati ta kamanta giba da cin naman ɗan'uwa bayan ya mutu. Malamanmu na zaure, waɗanda suka share ɗaruruwan shekaru suna fassara waɗannan ayoyi baki da baki ga almajirai da jama'ar gari, sun tarar Hausa tana da mazubin da zai ɗauki ma'anar ba tare da ta zube ba. Shi ya sa tsohuwar da ba ta taɓa buɗe littafin fiƙihu ba, idan ta ji ana gulma sai ta ce a daina cin naman mutane, ta kuwa faɗi daidai da abin da malami zai faɗa.

Har ila yau Hausa ba ta tsaya nan ba, ta ƙirƙiri sunaye domin masu fakewa da alheri su yi cuta. Wanda ya zo da sunan taimako alhali aljihunsa yake yi wa aiki, an ce yana ci da ceto. Wanda ya mai da wa'azi tarkon abin duniya, an ce yana ci da addini. Wanda ya bar wani ya yi wahala shi ya kwashe amfani, an ce yana ci da gumin wani. Wanda ya ƙi neman na kansa yana da lafiya, an kira shi ci-ma-zaune. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunci ne cikakke, an yanke shi tun kafin a haife mu. Kowa yana ci, jama'a, sai dai a dubi abin da aka ci.

Sai mu juya ga abokiyar tafiyarta, wato kalmar "sha". Masana harshe sun daɗe da lura cewa waɗannan kalmomi biyu sun raba aiki a tsakaninsu. Wani Bafaranshe mai suna Claude Gouffé ya yi rubutu a kan haka a 1966, daga baya kuma Philip Jaggar da Malami Buba suka zurfafa bincike a 2009. Abin da suka nuna shi ne, a mafi yawan lokaci "ci" na wanda ya rinjaya ne, "sha" kuwa na wanda abu ya auka wa. In mun ari harshen malaman nahawu, mai ci ya fi kusa da fa'ili, mai sha ya fi kusa da maf'uli. Wannan ya ci nasara, wancan ya sha kaye. Wannan ya ci zali, wancan ya sha wahala. Ana shan duka, ana shan rana, ana shan ɗauri, ana shan azaba, wanda ya kuɓuta daga halaka kuma a ce ya sha da ƙyar. Ba ƙa'ida ce marar togiya ba, domin muna cewa an ci wuya, muna kuma cewa an sha daɗi, amma galibin magana a kan wancan tsari take tafiya.

Jama'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ba sai an yi muku dogon bayani a kan wannan ba, domin a jikinku kuka karanta shi. Ƙasarku ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga da waken suya, ƙasar da take ciyar da garuruwan da ba su san sunayen ƙauyukanku ba. Amma shekarun nan kun sha. Kun sha gudun dare, kun sha biyan kuɗin fansa, kun sha barin gona ba a nome ba, ko a nome ta a kasa girbewa. A daren 11 ga Disamba 2020 aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara aka kwashe yara fiye da 300, yaran da iyayensu suka tura domin su ci jarrabawa, sai ga shi sun sha tafiyar ƙasa cikin daji, suka yi kusan mako guda kafin Allah Ya kuɓutar da su. A 2021, saboda neman maganin wannan masifa, hukuma ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin waɗannan ƙananan hukumomi, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Wanda ya san abin da kasuwa take nufi ga mutumin karkara, ya san nauyin wannan jimla: kara, wato kasuwar dabbobi, ba ta ci ba.

Abin da nake so mu yi tunani a kansa shi ne, harshenmu da kansa yana gaya mana cewa irin wannan sha ba ya zuwa shi kaɗai. Duk inda ka ga talaka yana shan wahalar da ba daga sama ta sauko ba, in ka bincika za ka tarar akwai mai ci a wani gefe. Akwai ɗan bindigar da ke cin zali a fili. Akwai kuma wanda ba ya riƙe bindiga, yana zaune cikin gari, ana sallah sahu ɗaya da shi, ana cin tuwo akushi ɗaya da shi, amma shi ne yake kai rahoton wanda ya sayar da sa, da wanda ɗansa ya aiko da kuɗi. Wannan shi ne shingen da ya ci shuka. Akwai mai sayen dabbar da ya san ta sata ce saboda araha. Akwai wanda za a ba kayan agaji ya kai wa 'yan gudun hijira, ya karkatar da rabi. Akwai wanda za a ba amanar hanya ko amanar ofis, ya sayar da ita da abin da bai taka kara ya karya ba. Dukansu Hausa ta riga ta raɗa musu suna, kuma duk sunayen da "ci" suka fara.

Amma magabata ba su bar mai ci ya tafi haka nan ba. Sun ce kowa ya ci amana, amana za ta ci shi. Ku dubi yadda aka juya kalmar, wanda ya ci ya koma abin ci. Sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ma'anar duka ɗaya ce, babu cin da ba shi da hisabi. Mutanen Jawa can a tsibiransu sun ce makami yana cin ubangijinsa, mu ma a dazuzzukan da ke tsakaninmu da Zamfara da Birnin Gwari mun ji labarin waɗanda bindigar da suka dogara da ita ta zama ajalinsu a hannun abokan ta'asarsu. Al'ummu biyu da teku ya raba sun isa ga hukunci ɗaya, domin sunnar Allah a kan zalunci ba ta canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa.

Kada kuma a ɗauka Hausa tana ƙyamar ci. Ko kusa. Tana yi wa manomi fatar ya ci gajiyar nomansa. Tana yi wa ɗa na gari addu'ar ya ci albarkacin iyayensa. Tana yabon wanda ya ci guminsa. Idan baƙo ya iso ana kan akushi, ba a tambayar sunansa kafin a ce masa bismillah. Abin da take ƙi shi ne mutum ya ci shi kaɗai, ko ya ci na wani. Kowa yana ci, sai dai a dubi abin da aka ci.

To, mene ne abin yi? Zan taƙaita a kan abu biyu, ɗaya ya shafi harshe, ɗaya ya shafi hali.

Game da harshe, ina kira ga iyaye da malaman makaranta, na boko da na Islamiyya da na allo, da su riƙa zama da yara suna warware musu irin waɗannan maganganu. Yaron da ya tashi bai san bambancin cin riba ta kasuwa da cin riba ta bashi da ruwa ba, ko bai taɓa jin ci da ceto ba, an rage masa wani ma'auni da zai auna mutane da shi idan ya girma. Malamin Hausa a aji yana iya ba ɗalibai aiki, kowa ya je gida ya tambayi kakarsa ma'anonin "ci" da "sha" da ta sani, ya rubuto, a karanta a gaban aji. Abin da za a tara daga Ketare da Daudawa da Damari kaɗai ya isa ƙaramin littafi, kuma akwai maganganun da ke bakin tsofaffin wannan yanki waɗanda in ba a rubuta su yanzu ba za su bi su kabari. Haka nan masu yin tafinta a kotu da asibiti, da masu fassara labarai, su yi hattara, domin kalma mai fuskoki da yawa in aka ɗauke ta ta fuskar da ba ita ba, tana iya jawo wa marar laifi hukunci.

Game da hali kuwa, kiran ya haɗa mu duka, babba da yaro. Mai unguwa da dagaci da hakimi, amanar talakawa tana hannunku. Ma'aikaci, albashinka halal ne gwargwadon aikin da ka yi. Ɗan kasuwa, ka cika mudu, kada ka sayi abin da zuciyarka ta gaya maka na sata ne. Wanda aka ba riƙon maraya, ka tuna da abin da Suratun Nisa'i ta faɗa. Saurayin da ake yi wa tayin kuɗi domin ya nuna gidan maƙwabcinsa, ka sani kuɗin za su ƙare, sunan maci amana kuwa zai bi ka ya bi zuriyarka. Kowannenmu, kafin ya miƙa hannu ga wani abu, kuɗi ne ko muƙami ko magana a kan ɗan'uwa, ya tsaya ya tambayi kansa sunan da Hausa za ta ba wannan cin. In sunan mai kyau ne, ya yi bismillah. In kuwa sunan da zai ji kunyar a kira shi da shi ne a gaban 'ya'yansa, ya janye hannunsa.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mai da waɗanda ke hannun azzalumai gida lafiya, Ya zaunar da ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran ƙasarmu lafiya, manomi ya koma gonarsa, kasuwanni su ci, yara su koma makaranta ba tare da fargaba ba.